Wa Ya Ciyar da Fataken Gwanja?

Ranar 14 ga watan Yuni, 1898, wakilan Ingila da na Faransa suka zauna a birnin Paris suka sa hannu a takardar da ta tsaga ƙasar Borgu gida biyu. Da suka zo fayyace inda iyakar za ta taɓa kogin Kwara, sai suka kafa alama da wani ƙaramin gari na bakin ruwa. Suka ce a tsaya a tsakiyar Giris, mashigar jiragen Illo, a auna mil 10 zuwa sama, to nan ne iyaka. Nikki da Kandi da Faraku suka faɗa hannun Faransa, Busa da Kayama da Illo suka zauna a ɓangaren Ingila. Daga baya Turawan Ingila suka ɓalle Illo daga sauran Borgu suka haɗa ta da masarautar Gwandu. In ban da ɗan gyare-gyaren da aka yi bayan haka, wannan layin ne har gobe ya raba ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi da Jamhuriyar Benin.

Me ya sa mutanen da ke zaune a Paris suka san da zaman Giris? Hanya ce ta sanar da su. Tun kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo fataken ƙasar Hausa ke zuwa Gwanja sayen goro, amma a ƙarni na 19 harkar ta yi ƙarfi ƙwarai, domin goro na cikin 'yan abubuwan wartsakar da jiki da malamai ba su hana ba. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin takan taso daga Sakkwato ta biyo Jega, ta gangaro bakin Kwara. A yi fito a sauka Giris, a yada zango a Illo, sannan a kutsa cikin Borgu ta Kandi zuwa Jugu, a wuce ta Sansanin Mango ko Yendi, a tiƙe a kasuwar Salaga. Ana tafiya da kanwa da baƙin yadin Kano da jemammun fatu da gabu da dabbobi, da gishirin kwarin Foga da ke can arewa kaɗan, da kuma bayi. A dawo da goro cikin huhu, duk bayan 'yan kwanaki a kwance shi a yayyafa masa ruwa a tsince ruɓaɓɓe. Zuwa kawai kan ci wata biyu zuwa uku.

Masana sun yi wa wannan fatauci hidima. Paul Lovejoy ya fitar da littafi guda a kansa a 1980. Mun san Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebarin Gummi, waɗanda suka riƙe ragamar harkar. Mun san tsarin ayari, da madugunsa da jagabansa da uban dawakinsa da malamin da ke duba ranar tashi. Mun san kuɗin fito da garamar da sarakunan hanya ke karɓa. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne tambayar da kowace uwa za ta fara yi in ɗanta zai yi tafiya: me zai ci?

Mu ɗan yi lissafi. A watan Maris na 1826 Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya zagaya ƙasashenmu da sunan Abdullahi, ya ci karo da wani ayarin Hausawa a Kayama suna dawowa daga Gwanja. Ya ƙiyasta su da cewa sun haura mutum 1,000, maza da mata, da dabbobin kaya kusan adadinsu. A ƙaddara kowane mutum na buƙatar rabin kilo na hatsi a yini, wanda ba wani abin kirki ba ne ga mai tafiyar ƙasa da kaya a ka. Kilo 500 ke nan kullum, wato manyan buhuna biyar. In tafiyar ta ci kwana 70, an tashi buhu 350, alhali jaki ba ya ɗaukar babban buhu guda ya yi doguwar tafiya da shi. Da ayari zai ɗauko cimarsa tun daga gida, da ɗaruruwan jakuna sun tafi a dakon tuwo, ba a bar wa kanwa da goro wuri ba. Guzuri irin su gumba da dakuwa da kilishi na toshe yunwar kwana biyu ne. Sauran dole a saye shi a hanya, da wuri ko da musayar ɗan gishiri da kanwa.

Hatsi kuwa ba ya zama abinci da kansa. Wanda bai taɓa ganin an yi tuwo tun daga tsabar dawa ba, ya tambayi kakarsa. A surfa a turmi, a bakace dusa, a wanke, a shanya ya sha iska, a daka ko a niƙa a dutse, a tankaɗe, a sake daka tsakin. Kafin nan wata ta je rijiya ko bakin kogi, wata ta shiga daji itace. A ɗora ruwa, a yi talge, a tuƙa, a kwashe, a kaɗa miya. Babu injin niƙa ko ɗaya a wannan hanya a zamanin da muke magana. Buhu biyar a yini na nufin turame da yawa suna amo tun kafin asuba. Wannan amon shi ne ya riƙe cinikin da ya haɗa Kano da Asante, amma da wuya ka ji shi a littafin tarihin da muka karanta a makaranta.

Wasu daga cikin masu dakan tare da ayarin suke tafe: matan fatake, da kuyangi waɗanda kan yini ɗauke da kaya, da yamma in maza sun kishingiɗa su kuma su hura wuta. Wasu kuma matan garuruwan hanya ne, masu fitowa zango da ƙoransu da zarar sun ji ƙarar ƙararrawar jakai. Wannan sana'a ta girmi fataucin Gwanja kansa. Ibn Baɗɗuɗa, da ya ratsa ƙasar Mali a 1352, ya lura cewa matafiyi a ƙasar baƙaƙe ba ya buƙatar ɗaukar guzuri. Ya riƙe ɗan gishiri da duwatsun ado da kayan ƙanshi kawai, in ya iso ƙauye mata za su fito da gero da nono da kaji da shinkafa da garin wake ya sayi abin da yake so. Shekara 500 bayan haka, a 1853, Heinrich Barth ya bi ta Gwandu da Birnin Kabi da kwarin Foga a hanyarsa ta zuwa Sayi, kuma abin da ke tarbar baƙo a bakin gari bai sauya ba. A yankin Illo kuwa, inda Dandawa da Kyangawa da Busawa da Fulani da Hausawa ke cuɗanya, mai sayar da abinci ba ta da zaɓi sai ta iya ciniki da bakin wanda ya tsaya gabanta.

Daga cikin dubban matan nan, ɗaya ce na san tarihi ya riƙe mana sunanta da ɗan bayanin gidanta, ita ma ba a Illo ba. Clapperton ya ƙetare Kwara ta kudu, kusa da Busa, ya isa kasuwar Kulfo a 1826, inda ya sauka gidan wata gwauruwa mai dukiya wadda ya rubuta sunanta yadda duk Bahaushe zai gane Ladi ce. Tana sayar da gishiri da kanwa da abin sha, tana kuma saukar da baƙi. Ya kwana biyu a gidan, don haka ya ga yadda yini ke gudana: bayi mata na tashi da sassafe su kama niƙa da girki, 'yan matan cikinsu a ɗora musu abin da aka dafa su zaga gari talla, su dawo da wuri a ƙirga. Mun sami sunan Ladi saboda ita ce mai gida kuma mai kuɗi. Waɗanda suka tuƙa, suka kwashe, suka durƙusa suka ajiye akushi a gaban baƙo, ko ɗaya ba a ambaci sunanta ba.

A cikin tawagar Clapperton ɗin kanta akwai abin dubawa. Baransa, Richard Lander, ɗan wani mai masaukin baƙi ne a garin Truro na Ingila, kuma tun yana yaro yake aikin barantaka. Da Clapperton ya rasu a Sakkwato a watan Afrilun 1827, baran nan ne ya binne shi, ya tattara takardunsa ya kai gida. A 1830 ya dawo tare da ƙanensa John, suka isa Busa da Yawuri, suka bi kogin har inda ya faɗa teku, suka warware tambayar da ta ci rayukan manyan Turawa da dama. Ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan ta ba shi kyautarta ta farko. Amma tare da shi a duka tafiye-tafiyen biyu akwai wani dattijo Bagobiri mai suna Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko. An kama shi bawa a gida, aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu ta hanyar Gwanja har bakin teku, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi, ya koma tafinta kuma mai hidima. Shi ne bakinsu a kasuwa da fada. Lander ya iya rubutu, saboda haka ya fita daga sahun barori ya shiga na masu tarihi. Abin da muka sani game da Abubakar kuwa, abin da iyayen gidansa suka ga damar rubutawa ne, kuma yawanci sai in ya ɓata musu rai.

Akwai dai inda sunan mai hidima ya ƙi ɓacewa. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa, ya fara tara dukiyarsa ne a fataucin goro kafin gyaɗa. Bayan rasuwar mahaifinsa, mahaifiyarsa ta tafi kasuwancinta can ƙasar Gwanja da bakin teku, aka bar renon yaran a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Sunanta ne ya bi shi. Duk wanda ya ambaci gidan Ɗantata a yau, har da masu lissafa dangin Aliko Ɗangote na wajen uwa, sunan matar da ta ciyar da maraya yake kira, ko ya sani ko bai sani ba.

A manyan garuruwan hanya ciyarwa ta wuce ciniki a bakin zango, ta zama ginshiƙin amana. Baƙon ɗan kasuwa kan sauka wurin maigida, wanda a Kano ake ce wa fatoma. Shi zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in za a sayi kayansa bashi. Kuma shi zai ciyar da shi. Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Badun a farkon shekarun 1960, ya tarar da wannan tsari da ransa a cinikin shanu da goro, haka ma Polly Hill a Kumasi. Abincin daga cikin gida yake fitowa, daga hannun matan da baƙon ba zai taɓa gani ba, yara su kai masa zaure. Maigidan da tuwon gidansa ya lalace, baƙinsa za su koma wurin wani baɗi, la'adarsa ta bi su. Wato martabar mai zaure a kasuwa tana rataye da muciyar da ke bayan katanga.

Hujjar da ta fi gamsar da ni game da girman aikin mutanen nan ba a takarda take ba, a bakin mutane take. Ka je Akra ko Kumasi da safe ka ga layin da ake yi wa shinkafa da wake, sunanta a can waakye, waken namu ne harshe ya lanƙwasa. A arewacin Benin ma watché suke ce mata. Tuwon da ya zama abincin alfaharin arewacin Gana sunansa tuo zaafi, wato tuwon zafi. Kokon da ake karyawa da shi a titunan Gana ana kiransa Hausa koko, abokin tafiyarsa kuma koose, ƙosai ke nan. Akwai maasa, akwai fura, akwai dawadawa. Suya ta gagari iyaka, a Kamaru ta zama soya. Unguwar baƙi kuwa, daga Kwatano zuwa Faraku zuwa Lome zuwa Kumasi, sunanta Zongo.

Ba duka kalmomin nan ayarin goro ya kai ba. Wasu sun bi sojojin Hausawa da Turawa suka ɗauka a bakin teku a ƙarni na 19, wasu sun bi 'yan ci-rani na zamanin mota. Abinci kuma bai tafi ta fuska ɗaya ba, wagashin Fulanin Borgu ya yi nasa yawon. Amma ko ta wace hanya kalmar ta bi, sai da wani ya tsuguna a bakin titi a ƙasar da ba tasa ba, ya dafa, ya zuba, ya miƙa, ya faɗi sunan abin sau dubu, har masu gari suka haddace. Sunayen yawancin madugai sun shuɗe. Yaron Akra da bai taɓa jin sunan madugu ko ɗaya ba yana faɗin kalmar Hausa kullum kafin ya tafi makaranta.

To in haka aikin yake, ina raini ya samo asali? A ganina tushensa na farko bauta ce. A gidajen masu hali na ƙarni na 19, daka da ɗebo ruwa da kai abinci aikin bayi ne, kuma alamar 'yanci da wadata ita ce matarka ba ta fita, ba ta yi wa wani ƙato hidima. Dokar Lugga ta 1901 ta 'yanta duk wanda aka haifa daga watan Afrilun shekarar, aka ƙarasa soke bauta a Arewa a 1936, amma doka ba ta goge abin da ido ya saba. Wanda ke tsaye da kwano a hannu alhali wasu na zaune, matsayinsa a zukata bai motsa ba. M. G. Smith, a nazarinsa na 1959 kan darajar sana'o'i a ƙasar Hausa, ya tarar da barorin gida da 'yan dako da mahauta da makaɗa a matakin ƙasa, attajirai da malamai a sama. Attajirin da ke saman nan kuwa bai isa ya kai Salaga ba sai da na ƙasan.

Tushe na biyu ya zo da sauyin hanya. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar, iyakokin Turawa suka yayyanka hanyar, sannan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Goro ya koma biyowa ta teku zuwa Legas, ya hau dogo. Hanyar Illo ta yi sanyi. Zango ya koma tasha, tasha kuwa a gefen gari take, kusa da bariki, inda sojoji da lebura da direbobi da gwagware ke kwana. Wa zai dafa musu? Matar aure tana kulle, sai dai ta dafa ta ba 'yarta talla. Wadda za ta iya zama a fili ta zuba wa baƙon namiji abinci yawanci bazawara ce, ko wadda ta baro garinsu, ko baƙuwa daga wata ƙabila, a wasu biranen har da 'yan daudu. Nan aka haɗa sana'ar da zargi. Kalmar 'yar tuwo-tuwo ta ɗauki wani nauyi da ya wuce tuwo, har ta kai mutum zai ci ya ƙoshi a rumfar mace, ya sha ruwanta, ya tashi ya ce ba zai bari ɗansa ya auri 'yarta ba. Ban ce babu ɓarna a tasha ba. Amma masu ɓarnar da masu zargin sau da yawa a benci ɗaya suke zaune.

Turawa kuma suka ƙara mana da nasu. Daga gidajensu muka sami kuku da boyi, har aikin kansa ya zama boyi-boyi. Kalmar asalinta yaro take nufi, kuma da ita ake kiran magidanci mai furfura. A tsallaken iyaka Faransawa na kiran mai kawo abinci garson, shi ma yaro ke nan. Su ne ma suka ƙirƙiro gidan abinci irin na zamani, mai tebur da jerin abin da za ka zaɓa, a Paris cikin shekarun 1760, inda aka fara da sayar da romo don maido da ƙarfin jiki. A Amurka, baƙaƙen da ke hidima a jiragen ƙasa na kamfanin Pullman fasinjoji kan kira kowannensu George, sunan mai kamfanin, kamar yadda ake kiran bawa da sunan ubangijinsa. Da suka kafa ƙungiyarsu a 1925 ƙarƙashin A. Philip Randolph, neman a kira mutum da sunansa na cikin abin da ke ci musu rai, tare da albashi da awoyin aiki. Mu ba mu buƙaci aron George ba. Muna da “kai yaro”, da “ke”, da tafa hannu, da tsaki.

Abin mamaki shi ne al'adar da ta haifi rainin ita ce kuma ta ajiye kishiyarsa. Duba tukwici. In aka aiko yaro da kwanon abinci gidanku, ba wadda ta dafa kaɗai ake yi wa godiya ba, ɗan aiken ma sai an sa masa wani abu a hannu, kuma kwanon ba ya komawa a bushe in da hali. Wato Bahaushe ya yarda cewa ɗaukowa da miƙawa aiki ne mai zaman kansa, mai lada daban. Ga gaisuwar “sannu da aiki” da ake yi wa mai girki kafin a tambaye ta komai. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, an umarci wanda mai hidimarsa ya kawo masa abinci da ya zaunar da shi su ci tare, in bai yi haka ba to ya ɗiba masa loma ɗaya ko biyu, domin shi ya sha zafin wutar da hayaƙinta. Dalilin da aka bayar shi ne abin lura: wahalar da ya sha ce ta ba shi haƙƙi a cikin kwanon, ba tausayi ba. Duk wannan muna yi a gida. Da mun shiga rumfar da za mu biya kuɗi sai mu ajiye shi a ƙofa tare da takalmi, kamar naira ta sayi abincin ta haɗa da gaisuwar.

A yau babu ayari a Illo, amma hanya ba ta mutu ba. Ta koma kwalta da tirela da babur, ta gadar Tuga, ta Ka'oje, ta Tsamiya zuwa Segbana, ta Lolo a bakin kogi. Ka tsaya ka kalli yarinyar da ke kai abinci a rumfar bakin iyaka ranar kasuwa. Tana riƙe da buƙatar mutum shida ko bakwai a ka ba tare da alƙalami ba: wane ba ya son yaji, wane nama biyu, wane ya ce a ƙara miya. Wannan zai biya da naira, wancan da sefa, canjin kuma na iya bambanta da na makon jiya, ita za ta lissafa ta ba da canji kafin mai waya ya buɗe kalkuleta. Ta amsa wa wannan da Hausa, wancan da Dandanci ko Fillanci, ta tsinci ɗan Faransancin ƙirga kuɗi. Ta san direban da ake ba bashi da wanda ba a ba. Kuma duk tana yi tana kauce wa hannun da bai da kunya, da fuskar da ba za ta kori ciniki ba. A aikina na rubuta manhaja, babbar kwamfutar da ke amsa buƙatun dubban wayoyi a lokaci guda sunanta saba, kuma a Turance kalma ɗaya ce da ta mai kawo abinci. Ita wannan muna sa mata na'urar sanyaya ɗaki, mu ɗauki mutum ya kwana yana gadinta.

Girmamawar da ta tsaya a fatar baki ba ta cika ba, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 a wata, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Rumfar abinci nawa ce a Bagudo, ko a Birnin Kabi ma, ke da ma'aikata 25? Kusan duk masu wannan aiki suna wajen inuwar dokar. Ana biyansu kullum-kullum, wani lokaci abincin da suka ci na cikin lissafi, in faranti ya fashe a cire. Da yawa kuma yara ne da ya kamata a ce suna aji, wasu an kawo su daga ƙauye ko daga tsallaken iyaka, kuɗin ma ba hannunsu yake shiga ba. Masu ganin tukwici zai toshe wannan giɓi su dubi Amurka, inda dokar tarayya ta bar albashin mai karɓar tukwici a dala 2.13 a awa tun 1991, aka bar cikinsa a hannun fara'ar mai ci. Tukwicin Bahaushe ƙari ne a kan haƙƙi, bai taɓa zama madadinsa ba. Ita ma mai rumfar ba azzaluma ba ce a kullum, sau da yawa ribarta ba ta wuce abin da za ta sake sayen shinkafa da gawayi gobe ba.

A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, musamman don shinkafar da ke shigowa ta Benin, a watan Nuwamba kuma aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. An buɗe iyakoki huɗu a Disambar 2020, ta Kamba kuwa sai Afrilun 2022. Ba a daɗe ba juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sa aka datse gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, manyan motoci suka yi jerin gwano na kilomitoci, direbobi da yaran mota suka yi makonni a bakin hanya. An yi ta lissafin tireloli nawa suka maƙale, albasa da masara ta nawa ta ruɓe, kwastan ta yi asarar nawa. Rufe iyaka na zuwar wa mai abinci ta fuska biyu. In motoci sun daina zuwa, tukunya ta ragu daga uku zuwa ɗaya, kuma wadda ake fara cewa ta zauna gida ita ce mai kai faranti. In kuma sun zo sun maƙale, ciniki kan yi kyau a makon farko, kafin kuɗin hanyar direba ya ƙare. Daga nan sai “rubuta, Hajiya, in an buɗe zan biya”. Wasu na dawowa su biya har da goro. Wasu kuma ranar da aka ɗaga shinge da dare suke tayar da mota.